Tsohuwar mota mai turbo: yadda ake gane iska ta fi mai yawa kafin pisto ya ƙone

Daga Yamai zuwa Filingue, ta Balleyara, tafiyar kilomita wajen 180 ce. Ga tsohuwar mota mai turbo wannan hanya jarrabawa ce: dogon gudu, kaya, ƙura, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A irin wannan tafiya ce wani ciwo da kan ɓuya cikin gari yake fitowa fili, wato inji ya riƙa samun iska fiye da man da ake ba shi. Makanikai na kiransa mélange pauvre da Faransanci.

Injin esansi yana da awonsa: kilo 14,7 na iska ga kilo 1 na mai. In iska ta rinjayi mai, zafin cikin silinda na ƙaruwa. A mota marar turbo, abin ya fi tsayawa ga tari da rashin ƙarfi. Mai turbo kuwa cusa iska take yi da matsi, don haka zafin na iya cin bakin supap ko ya huda pisto, kuma dogon gudu ɗaya da kaya kan iya isa a yi wannan asara.

Wannan bayani bai shafi motocin gazuwal ba, irin su Hilux da Land Cruiser masu turbo da suka saba da hanyoyin Kurfey. Injin gazuwal dama da rarar iska aka ƙera shi ya yi aiki. Maganar ta ƙananan motocin esansi ce da ake shigowa da su daga Turai bayan sun sha jiki, kamar Volkswagen Passat da Audi A4 masu inji 1.8T.

Alamomin ba su da wuyar gani. Mota na rawa ko mutuwa a ralanti, wato tana tsaye inji na aiki. In an ba ta wuta sai ta yi jinkiri kafin ta amsa. Bakin buji kan yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Mafi muni ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani lokacin da ake hawa ko wuce wata mota.

A nan ne masu mota da yawa ke fara zubar da kuɗi: a canza buji, a canza injekta, wani lokaci har turbo, ciwon na nan. Tambayar da ta kamata makaniki ya fara yi wa direba ita ce: yaushe take yi, a tsaye ko a guje?

In a ralanti ne, kuma tana gyaruwa in an ba ta wuta, to iska ce ke satar hanya. A bayan filtar iska akwai na'urar da ke auna iskar da ta shiga, wadda ake kira debimetir, kuma da awonta kwamfutar mota ke raba mai. Duk iskar da ta shiga ta wata tsaga bayan wannan na'ura ba a lissafa ta ba. Rana da shekaru na busar da roba, tiyo ya tsage a gindin ƙulli inda ido ba ya kaiwa. Ana gano wurin ta hanyar hura hayaƙi cikin tiyo a ga inda yake fita. Naɗe tsagar da salatif, kamar yadda aka saba, ba ya jure zafin turbo.

Sai dai turbo na da wani hali da ke ruɗa mutane. In tsagar tana tsakanin turbo da inji, lokacin gudu iska fita take yi waje, sai man ya yi yawa, mota ta yi baƙin hayaƙi. In kuwa tana tsakanin debimetir da bakin turbo, kullum tsotsa take, ta tsotso har da ƙurar hanya wadda ke cin fukafukan turbo.

In kuma a guje ne take gazawa, a duba mai. Filtar mai ce farko, don ita ce mafi arha. Matatar SORAZ da ke Damagaram tana aiki tun 2011, amma man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, bai daina shiga tankuna ba, kuma ƙura da ruwan da ke shiga jarka suna toshe filta da injekta. Bayan filta sai pompo, wanda yawan tafiya da tanki kusan wayam ke gajiyar da shi, tunda man ne ke sanyaya shi. Ba a yanke masa hukunci da kunne. Agogon awon matsi ake ɗaurawa. A irin waɗannan motoci matsin kan kasance bar 3 ko 4, kuma dole ya hau yayin da turbo ke turawa. Ɗan siririn tiyo ne ke kai wa regilata labarin matsin turbo. In ya tsage ko ya zame, matsin mai ba zai hau ba daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa. Guntun roba da bai kai tsawon hannu ba, amma yana iya jawo a sauke inji.

Shi ma debimetir in ƙura ta rufe shi yana auna ƙasa da gaskiya. Da feshi na musamman ake wanke shi, ba a taɓa cikinsa da tsumma ko waya.

Motocin esansi na Turai daga 2001, da na Amurka daga 1996, suna da wurin haɗa na'urar bincike, baliz. Lambar P0171 na nufin iska ta yi yawa, amma ba ta faɗin wane ƙarfe ne ya lalace, kuma ba umarni ba ce na sayen sabuwar sond lamda. Hujin bututun hayaƙi kafin sond ɗin ma na iya sa ta yi ƙarya. Abin dubawa shi ne yawan man da kwamfuta ke ƙarawa don cike giɓi: in ya wuce kashi 10 cikin 100, a gwada a ralanti, a sake gwadawa a guje, a kwatanta.

Direban da ya ji ƙarar tsakuwa a tsakiyar hanya, tsakanin Balleyara da Filingue, ya sassauta ƙafa nan take, ya kashe kilim, ya tafi a hankali ba tare da turbo ya ɗauka ba har ya kai gareji. In allurar zafi ta fara hawa, ya tsaya.