Wa Ke Binciken Mai Son Zama Likita?

'Yan'uwana mata, a Talata Mafara in saurayi ya fito neman aure, sai kawu ya hau mota har Bakura ko Maradun yana tambayar asali da hali. To wanda gobe zai duba ki a ɗakin haihuwa fa, wa ya bincike shi?

Mai son karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, abin da aka fi dubawa makin JAMB ne da sakamakon sakandare. A Ingila kuwa, sai an tona ko ɗalibi ya taɓa shiga hannun hukuma kafin ya kusanci majiyyaci. Su ma sun sha wuya: a 1976 kotu ta ci tarar likita Harold Shipman kan jabun takardar magani, aka bar shi yana aiki, a 2000 aka same shi da laifin kashe majiyyata 15.

Ni dai ban ce a rufe wa yaro ƙofa don ya taɓa dambe a kasuwa ba, ƙuruciya ce. Amma mai fyaɗe ko dillalin ƙwaya, wallahi gara makaranta ta sani tun ranar ɗaukar ɗalibai.