Laima cikin ɗaki

A tsofaffin gidajen ƙasa, sau da yawa daɓen ɗaki ya fi tsakar gida zurfi. Da damana ruwa yana kwantawa gindin bango. Ƙasa ta sha shi, laima ta hau gini kamar yadda kananzir yake hawan lagwani.

Sai hunhuna ta kama tabarmi da tufafi, ɗaki ya riƙa wari. Hatsi ya ɓaci, yara su yi ta tari. Wani lokaci ma bango ya faɗi.

Turare ba ya kashe wannan wari. Maganinsa, a raba ruwa da bango. A gina wa ruwa hanya, a gyara indararo, a cike ɗaki da ƙasa, a yi sabon daɓe. Da rana a buɗe taga. Buhun hatsi kuwa, a aza shi bisa itace, nesa da bango.