TAIMAKON SHARI'A KYAUTA: YADDA WATA BAIWA TA SAMU HAƘƘINTA

Doka tana cikin takarda, takarda kuwa ba ta tafiya da ƙafarta zuwa ƙauye. Talakan da aka zalunta yana bukatar wanda zai fassara masa dokar, ya rubuta masa ƙara, ya kuma tsaya masa gaban alƙali. Akasarin lauyoyin ƙasar Nijar a Yamai suke zaune, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin manomi. Wannan giɓi ne ƙungiyoyi masu zaman kansu suka tashi cikewa, ba tare da karɓar ko dala ba.

Shari'ar Hadijatu Mani ta isa misali. A shekarar 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ga wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni, cikin jahar Tawa. Ta zama wahaya, wato macen da ake riƙewa bayan mata huɗu, ba aure ba sadaki. A 2003 Nijar ta kafa dokar da ta mai da bautarwa babban laifi, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2005 ubangidan nata ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce har yanzu matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 domin yaƙi da bauta, ita ce ta riƙe hannunta. Tare da wasu ƙungiyoyi biyu na ƙasar Ingila, ta samo mata lauyoyi, aka kai ƙara kotun CEDEAO. Ranar 27 ga watan Oktoba 2008, a Yamai, kotun ta ce hukuma ta kasa kare ta daga bauta, ta umurci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta karɓi hukuncin.

Da ba don taimakon kyauta ba, da ƙarar ta mutu tun a Ƙonni. Aikin yana da matakai: wayar da kan jama'a cikin harshensu, sauraron mai kuka, tattara shaidu, sannan ɗaukar lauya in sulhu ya ƙi. A 2011 gwamnati ma ta kafa hukumar ANAJJ domin marasa ƙarfi su samu mai kare su.

Nijar ta fita daga CEDEAO a 2025, saboda haka nauyi ya ƙaru a kan kotunan cikin gida da masu rakiyar talaka zuwa gare su. Ya kamata ma'aikatan hukuma su buɗe wa waɗannan ƙungiyoyi ƙofa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci kuwa, ya karanta wa maƙwabcinsa sammaci, ya nuna masa inda zai kai kukansa.