Mai Ɗaga Ƙarfe Da Ciwon Kafaɗa: Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Duk wanda ya saba da ɗaga ƙarfe, ko kokawa, ko dambe, ya san ranar da kafaɗa ta ƙi, to, sana'a ta tsaya. A nan ne samari kan kasu kashi biyu. Wani ya jingine motsa jiki ɗungum har ƙarfinsa ya zube. Wani kuwa da zarar zogi ya lafa sai ya koma wa nauyinsa na da, kafaɗar ta sake gocewa. Dukansu biyu sun saki hanya.

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin ɗan Adam, domin kan ƙashin damtse yana zaune ne cikin wani gurbi marar zurfi a allon kafaɗa. Tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ke riƙe da shi. Jijiya kuwa ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa warkewarta ke da nawa. Kafaɗar da ta goce takan ɗauki mako 12 zuwa 16 kafin ta koma aikin ƙarfi.

Sabo da haka matakin farko shi ne ganin likita, a ɗauki hoto a san abin da ya ɓaci. Akwai asibitocin ƙashi a Dala ta Kano, da Igbobi ta Ikko, da Inugu.

Sa'an nan a bar ɗaga nauyi bisa kai, da sauke ƙarfe bayan wuya, da tura shi daga ƙirji alhali gwiwoyin hannu suna buɗe. A irin wannan yanayi ne, watau hannu a ware an karkata shi baya, kafaɗa ta fi gocewa. Ko wajen horar da ƙafafu kada a aza sandar ƙarfe a bayan wuya.

Amma sauran jiki bai yi laifin komai ba. A ci gaba da tafiya, da tsugunno, da hawan matakala. Lafiyayyen hannun ma a ba shi aiki. Tun 1894 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano cewa in an horar da hannu ɗaya, ɗayan ma yakan ƙaru da ƙarfi.

Ita kuwa mai ciwon, da izinin likitan gashin ƙashi, a fara da danna hannu jikin bango ba tare da gaɓar ta motsa ba. Daga nan a koma jan roba, gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari, kana a ɗauki ƙaramin ƙarfe. Ƙara nauyi kaɗan kaɗan ita ce dabarar da Dokta Thomas DeLorme ya bayyana a 1945, sa'ad da yake jiyyar sojojin Amurka da suka jikkata a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kafaɗar da kanta za ta ba da labari. In zafi ya kwana ya wuni, ko ya hana barci, nauyin ya yi yawa, a rage. In hannu ya mutu ko ya riƙa sanyi, sai a koma asibiti.

Wanda ya haƙura wata huɗu ya ɗaga ƙarfe shekaru masu yawa. Wanda ya yi garaje kuwa, sai ya zama ɗan kallo.