Inna Ba Ta Ƙi Gaisawa Ba, Tsakiyar Ganinta Ce Ta Tafi

Akwai wata dattijuwa a ajinmu na matan aure, 'yar asalin Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, wadda ta yi shekaru tana karatu tiryan-tiryan. Wata rana sai ta ce mini, "Malama, layukan littafin nan sun karkace, kuma kalmar da na zuba wa ido ita ce ke ɓacewa." A gida kuwa har an fara tsegumi. Matar ɗanta na cewa Inna na tafiya ba sanda, tana hango kaza a gefe, amma in an tsaya gabanta sai ta tambayi ko wane ne, wai wulaƙanci ne kawai. Da likita ya duba, sai ga shi tsufa ne ya taɓa tsakiyar ganinta.

Bari mu leƙa cikin idon. A can bayansa akwai wani tantani shimfiɗe kamar tabarma, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, likitoci na kiran sa makula. Da shi kike karatu, da shi kike zura zare a allura, da shi kike tsince tsakuwa a shinkafa, kike gane fuskar ɗanki. Ƙarƙashin wannan tabarma akwai jerin ƙwayoyin halitta masu aiki irin na uwar gida: su ciyar da masu karɓar haske, su kuma share dattin da suke zubarwa kullum. Ƙasa da su akwai wata siririyar fata kamar rariya, sannan jijiyoyin jini.

Idan shekaru suka haura 50, masu sharar nan na iya gajiya. Rariyar ta yi kauri, wani datti rawaya mai maiƙo ya riƙa taruwa ɗigo-ɗigo, abinci ya kasa wucewa sosai. Sannu a hankali ƙwayoyin su mutu, tsakiyar gani ta dushe. Wannan shi ake kira busasshe, kuma shi ne a wajen kusan mutum 9 cikin 10 masu ciwon. Ɗayan shi ne jiƙaƙƙe, kuma ya fi sauri. Sababbin jijiyoyi marasa ƙwari ke tsirowa daga ƙasa kamar saiwar da ta fasa daɓe, su yi yoyon ruwa da jini, su ɗaga tabarmar. Shi ya sa miƙaƙƙen layi ke lanƙwashewa. In aka bari, tabo ya zauna. Gefen tantanin kuwa yakan tsira, don haka mai ciwon ke iya yawo a tsakar gida alhali ba ta gane fuska.

'Yar uwa, wannan ba yanar ido ba ce. Yana a gaban ido take, ana cire ta a asibiti gani ya dawo, kuma binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce kan gaba wajen makantar da mutanen Nijeriya. Wannan kuwa a baya yake, tsinken mai cire yana na kasuwa ba ya kai gare shi, sai dai ya ƙara ɓarna. Kwalli ma ba ya yi masa komai.

Ga gwaji mai sauƙi. A sa dattijo ya rufe ido ɗaya ya dubi bakin ƙofa ko layukan littafin rubutu, sannan ya sauya. Ido mai lafiya kan rufa wa ɗan uwansa asiri, shi ya sa ake duba su ɗaya-ɗaya. In layi ya karkace ko duhu ya zauna a tsakiya, kada a jira kaka ta yi. Daga Gummi, Anka ko Bukkuyum, a nemi likitan ido a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Jiƙaƙƙen yana da allurar da ake yi a cikin ido mai hana jijiyoyin tsiro. Tun 2006 aka amince da Lucentis a Amurka, akwai kuma Avastin mai sauƙin kuɗi. Tana tsare abin da ya rage, amma ba ta goge tabo.

Abin da ke hannunki kuma ba kaɗan ba ne. Taba sigari ce babbar abokiyar wannan ciwo, a yi wa maigida nasiha cikin hikima. A kula da hawan jini. A yawaita zogale, alayyafo, rama da ƙwai a kwanon tsofaffi. In kin shiga ɗakin Inna, ki faɗi sunanki tare da sallama, ki ƙara mata haske, ki bar kayanta inda ta saba ajiye su.

Ɗalibata tana nan zuwa aji. Jikarta ke biya mata, ita kuma tana haddacewa da ka. Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, Ya bar mu da ganinmu, amin.