Nutso a Bahar Maliya sai da ɗan jagora: ina ruwan mai sayar da farce?

Duk ɗan kasuwar da ke harkar kayan turare, tun daga Gallabat zuwa Jinaina har Maiduguri da kasuwar Kurmi ta Kano, ya san farce, wanda a nan Sudan ake kira dufra, ya kuma san darajarsa wajen masu haɗa humra. Abin da ba kowa ke tambaya ba shi ne inda yake fitowa. Farce dai murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, kuma wani kaso na wanda ke shiga hannunmu daga gaɓar Bahar Maliya ake samo shi, inda sai an ɗauko dabbar daga ruwa an kashe ta sannan a ɓamɓare murfin. To, wasu sassan wannan teku hukuma ta killace su, kuma baƙon da ya zo nutso ba ya shiga gaba gaɗi, sai da izini da ɗan jagora.

Wuri na farko shi ne Sanganeb, wani zoben duwatsun murjani da ke tsakiyar teku, kimanin kilomita 25 daga gaɓa, arewa maso gabas da Bur Sudan, wanda aka mayar gandun ruwa na ƙasa a 1990. Na biyu shi ne Dungunab da tsibirin Mukawwar, kimanin kilomita 125 arewa da birnin, wanda aka killace a 2004. A 2016 hukumar UNESCO ta haɗa su biyun ta sa su cikin jerin wuraren gado na duniya. A can ne ake samun kunkurun teku da manyan kifayen shak da wata dabba ’yar’uwar ayun da masuntanmu suka sani.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, Turawa, musamman ’yan Italiya, kan zo su shiga jiragen ruwa daga Bur Sudan su yi mako guda a kan teku suna nutso da tukunyar iska a baya. Kamfanin jirgin ne ke nemo musu takardun hukuma, kuma kowane rukuni da jagoransa. Suna zuwa ganin jirgin Umbria da ’yan Italiya suka nutsar da kansu a 1940 maƙare da bama-bamai, da kufan gidan da Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa a ƙarƙashin ruwa a Sha’ab Rumi a 1963. Maƙwabciyarmu Masar ma ta tsaurara, domin a tsibiranta na nesa da aka killace ta taɓa gindaya sharaɗin cewa sai wanda ya taɓa nutso sau 50 za a bari, ta kuma hana nutson dare.

Wani zai ce wannan ai fi’ilin Turawa ne. Mu da muka tashi a bakin kogi, daga Mai Wurno zuwa Sinja da Rusairis, bai kamata mu faɗi haka ba. Iyayenmu sun zo da al’adar sarkin ruwa tun daga ƙasar Hausa, kuma har gobe a Argungu ba a faɗa wa kogin Matan Fada sai sarkin ruwa ya duba ya ba da dama. Ko nan kusa da mu, a gandun dajin Dindir da aka kafa tun 1935, al’adar ita ce baƙo ya shiga tare da jami’in kula da namun daji. Abin da ɗan jagoran nutso ke yi ke nan, sai dai nasa aikin ya fi haɗari.

Dalili kuwa shi ne, duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsawa, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A wannan hali wani sashe na iskar da yake shaƙa daga tukunya yana narkewa cikin jininsa, idan kuma ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi da sauri. Ƙarshenta ciwon gaɓoɓi ne ko shanyewar jiki ko ma rasa rai. Shi ya sa jagora ke tsayar da mutanensa minti 3 a zurfin mita 5 kafin su fito, yake hana sabon koyo wuce mita 18, yake duba inda igiyar ruwa ta dosa, yake kuma ƙirga su a shiga da fita. Wannan batu muna so iyaye su ji shi da kyau. Tun bayan da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, samarinmu da dama sun gangara Bur Sudan neman abin kai wa baka, kuma ko da sojoji suka karɓe garuruwan ba kowa ya dawo ba. Yaron da ya ƙware da iyo a madatsar Sinnar zai iya ɗauka teku ma haka take, wani ya miƙa masa tsohuwar tukunya ya ce ya sauka ya kwaso masa kaya. Iya iyo daban, sanin tukunya daban.

Rabin aikin jagora kuma tsaron tekun ne daga baƙin nasa. Murjani dabba ce mai rai, ba dutse ba, kuma manyan dunƙulensa ba sa ƙaruwa fiye da kimanin santimita ɗaya a shekara, don haka abin da ƙafar mutum ta karya cikin daƙiƙa sai ya ɗauki shekaru kafin ya koma. Jagora ne ke hana taɓawa da tsintar tsaraba.

Amma a ganinmu a nan ne tsarin ke da giɓi. Jagora mutum goma ko ƙasa da haka yake kallo, ba ya ganin buhun dillali. Baturen da aka hana ɗaukar koɗi ɗaya ya koma gida da hoto, mu kuwa da awo muke saye. Sannan tun da yaƙi ya durƙusar da zuwan baƙi, idanun da ke kan ruwan sun ragu. Ba muna cewa farce haramtacce ba ne. Mutanen ƙauyukan Dungunab da Muhammad Ƙol suna zaune ne a cikin yankin da aka killace, tekun ce gonarsu tun kafin a san za a yi gandu, kuma ba daidai ba ne a hana su abincinsu don jin daɗin ɗan yawon buɗe ido. Sai dai dodon koɗin da aka kwashe tun yana ƙarami bai hayayyafa ba, kuma mai sayen da ke karɓar ƙananan farce saboda araha shi ne zai fara kukan tsada.

Akwai kuma abin da ya shafi aljihu kai tsaye. Sudan da Habasha da Chadi da Nijeriya duk suna cikin yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji, wadda ta fara aiki a 1975. A ƙarƙashinta ƙoƙon kunkurun teku ba ya ƙetare iyaka don ciniki ko kaɗan, murjani mai tauri da manyan kwansar teku kuma sai da takardar izini. Idan dillali ya cusa irin waɗannan cikin buhun farce a matsayin gyara, a kan iyaka jami’in kwastan ba dillalin zai tambaya ba, mai buhun zai riƙe.