Ko Kun Sani? Ruwan Fadama Na Riƙe da Sawun Dabbobi

Ko kun san cewa kwalba guda ta ruwan fadama na iya bayyana dabbobin da ke zaune a ciki, ba tare da an jefa koma ko ƙugiya ba? Kowace halitta, daga tarwaɗa da karfasa zuwa kwaɗo da guza, tana barin ɓurɓushin jikinta a ruwa: ɓawon fata, majina, kashi ko ƙwai. Cikin ɓurɓushin akwai sinadarin gado da ake kira DNA. Masana kan tace ruwan, su karanta sinadarin a ɗakin gwaji, su gane mai shi.

A shekarar 2008 masu bincike a Faransa suka fara gano wani babban kwaɗon Amurka ta haka a ruwan tafki. Tun 2014 hukumomin Ingila ke amincewa da dabarar.

Zafi da hasken rana na lalata sinadarin cikin kwanaki ko makonni, don haka sawun sabo ne. Ruwan Gulbin Zamfara, da masu noman rani ke ja daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, shi ma yana ɗauke da irin wannan shaida.